"Hif, Hif, Hure!": Ma'ana da Asalin Wata Tsohuwar Sowa ta Ingilishi da Takwarorinta a Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle na makarantun boko a ƙasar Hausa, ko ya tsaya kallon faretin soja ko na 'yan Sikawut, da wuya a ce bai taɓa jin an ɗaga murya an ce "hif, hif, hif" ba, sa'an nan taro ya amsa da "hure", har sau uku. Yaran firamare a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sun iya wannan amshi kamar yadda takwarorinsu na Kano da Zariya suka iya shi, amma in aka tambayi malamin da ya koya musu abin da kalmomin suke nufi, galibi amsar ba ta wuce cewa haka aka tarar ana yi.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan sowa a cikin harshen da ya haife ta, a rarrabe abin da hujja ta tabbatar da abin da aka ƙaga daga baya, sa'an nan a auna ta da hanyoyin nuna murna a bainar jama'a waɗanda ta tarar a arewacin Zamfara. Akwai darasi a cikin tarihinta ga masu nazarin asalin kalmomin Hausa, domin kuwa irin tarkon da ya kama wasu marubutan Ingilishi game da ita yana nan ɗane a gaban ɗalibanmu.

2.0 Ma'anarta da Yadda Ake Yin Ta

A rubutun Ingilishi ana samun kalmar amshin da siffofi uku, watau "huzza" da "hurrah" da "hooray". Dukansu suna cikin rukunin da masu nahawun Hausa suke kira kalmomin motsin rai, irin su "kash" da "wayyo" da "yauwa" da "tir". Kalma irin wannan ba ta ambaton wani abu kamar yadda suna yake yi, ba ta kuma bayyana aiki kamar aikatau. Abin da take ɗauke da shi shi ne halin da zuciyar mai magana take ciki, kuma a nan halin shi ne murna da yabo da goyon baya. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan aiki ita ce sowa, kamar a ce "jama'a suka yi sowa da ɗan wasansu ya ci".

Ita kuwa "hip", wadda bakin Bahaushe ya mayar "hif" saboda Hausa ba ta da sautin "p" mai zaman kansa, aikinta dabam ne. Mutum ɗaya ne yake faɗinta, kuma amfaninta shi ne ta tattara hankalin taro, ta daidaita numfashinsu, domin amshin ya fita lokaci guda. Saboda haka sowar tana da ɓangare biyu, kira da amshi, ana kuma maimaita su sau uku. A faretin soja akan ba da umurnin tuɓe hula kafin a fara, a riƙa ɗaga ta sama tare da kowane amshi. Haka sojojin Birtaniya suka yi wa Sarki Charles na Uku a lambun fadar Buckingham ranar da aka naɗa shi, 6 ga Mayu, 2023.

3.0 Asalin "Huzza" da "Hurrah"

Mafi tsufa daga cikin siffofin uku ita ce "huzza". Babban Ƙamus na Oxford ya same ta a rubuce tun shekarar 1573, a cikin rubuce-rubucen wani malami mai suna Gabriel Harvey. A ƙarni na 17 da na 18 an fi saninta a bakin ma'aikatan jiragen ruwa. John Evelyn, wanda ya shahara da littafin da yake rubuta abubuwan da suka faru gare shi kullum, ya ba da labarin yadda ya ziyarci wani jirgin yaƙi a 1665, mutanen jirgin suka tarye shi da wannan sowa har sau uku. Wannan ya nuna cewa al'adar maimaitawa sau uku ta haura shekara 350.

Dangantakar kalmar da jiragen ruwa ce ta sa masana suka fi karkata ga ra'ayin cewa daga kiran aiki ta fito. A zamanin jiragen da iska take korawa, ɗaga filafilai da jawo anga aiki ne na mutane da yawa a kan igiya ɗaya, kuma ba ya yiwuwa sai kowa ya ja a lokaci guda. Sai mutum ɗaya ya ba da murya, saura su amsa suna ja. Wani littafi da aka buga a 1549 mai suna The Complaynt of Scotland ya adana irin waɗannan kiraye-kiraye, a cikinsu har da "heisau", wadda take da dangantaka da aikatau mai ma'anar ɗagawa sama. In wannan ra'ayi ya tabbata, to sowar ta fara ne a matsayin nishin aiki, irin wanda ake ji a wurin gayya ko wurin ɗora azara a kan gini, daga baya ta koma ta murna. Sojojin ƙasa na Birtaniya su ma sun ɗauke ta, suna yin ta kafin su auka wa abokan gaba da banati.

"Hurrah" ta bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 17, a hankali kuma ta ture "huzza" har ta zama tsohon yayi. Akwai makamanciyarta a harsuna da dama na Turai: Jamusawa da mutanen Denmak da Suwidin suna cewa "hurra", Rashawa kuma "ura". Wasu masana suna danganta ta Jamusanci da wani tsohon aikatau, "hurren", mai ma'anar tafiya da sauri. An kuma yi ta kawo wasu asalai, kamar cewa daga Turkanci ta fito, daga kalmar da take nufin "buga", ko daga kirarin mayaƙan Mongol, ko daga sunan gunkin Thor na mutanen arewacin Turai, amma babu ɗaya daga cikinsu da yake da rubutacciyar shaida mai nuna hanyar da kalmar ta bi. Siffa ta uku, "hooray", ita ce ta bakin talakawa, kuma ita ce ta iso makarantunmu ta zama "hure".

4.0 "Hip" da Labarin Birnin Ƙudus

Tarihin "hip" gajere ne, a fili yake kuma. Samuel Johnson ya sa ta a ƙamusunsa na 1755 a matsayin kalmar da ake kiran mutum da ita, kamar yadda Bahaushe zai ce "kai!" ko "ke!" ga wanda yake nesa. A farkon ƙarni na 19 aka fara ganin ta haɗe da "hurrah" a wuraren liyafa, inda shugaban taro yake amfani da ita ya shirya mutane kafin a yi wa wani babban baƙo sowa. A wancan lokaci sau da yawa "hip" uku ake jerawa, daga baya mutanen Ingila suka rage ta zuwa biyu. Abin lura shi ne a Nijeriya jerin ukun ne ya fi yawa a baki, watau tsohuwar siffar ta fi daɗewa a nan bisa ga inda ta fito.

Duk da wannan, wani labari ya bazu wanda ya fi gaskiyar daɗin ji. An ce wai "hip" haruffan farko ne na jimlar Latin "Hierosolyma est perdita", ma'ana "Ƙudus ta faɗi", wai kuma mayaƙan Salibi ne suka riƙa faɗinta tun 1096 suna kai wa Yahudawa hari a kan hanyarsu ta zuwa Gabas. Ƙamus na Brewer, wanda aka fara bugawa a 1870, yana cikin littattafan da suka yaɗa wannan bayani, har ya ƙara da cewa "hurrah" daga wata kalma ce ta harsunan Silabawa mai nufin "zuwa Aljanna".

Akwai ɗan abin da labarin ya jingina da shi. A watan Agusta na 1819 an yi tarzomar ƙin Yahudawa wadda ta fara a garin Würzburg na Jamus, ta bazu zuwa Frankfurt da Hamburg har Denmak, kuma taken masu tarzomar shi ne "hep, hep". Amma hujjoji huɗu sun raba wannan da sowar Ingilishi. Na farko, haruffan jimlar suna ba da "hep" ne, wasalin ya saɓa. Na biyu, babu wani rubutu na zamanin yaƙe-yaƙen Salibi da ya ambaci wannan take. Na uku, ƙera kalmar baka daga haruffan farko na jimla ɗabi'a ce da ta yawaita a ƙarni na 20, ba a san gungun talakawan da ba su iya Latin ba da yin ta. Na huɗu, "hip" tana cikin ƙamus tun 1755, shekara 64 kafin tarzomar. Ko a Jamus ɗin ma, masana da yawa suna ganin "hep" kiran makiyaya ne na kora dabbobi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

5.0 Zuwanta Arewacin Zamfara

Bayan faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa a watan Maris na 1903, ƙasashen Zurmi da Ƙaura da Shinkafi sun shiga Lardin Sakkwato, a nan suka zauna ƙarƙashin sunaye dabam-dabam na mulki har aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Abin da ya fi buɗe wannan yanki ga baƙin al'adu shi ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Garin da aka sa wa sunan Namoda, jarumin Alibawa wanda ya yi fice a yaƙe-yaƙen jihadi, ya zama tashar ƙarshe inda ake tara gyaɗa da auduga, ya kuma cika da ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni daga kudu, waɗanda suka riga suka saba da al'adun makarantun mishan.

Hanyoyin da sowar ta bi ta shiga ƙasar Hausa sanannu ne: makarantar boko, da ƙungiyar Sikawut, da faretin soja da na 'yan sanda. A zamanin mulkin mallaka makarantu sukan yi bikin Ranar Daular Birtaniya kowace 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Victoria, da maci da wasanni da sowa uku ga mai sarautar Ingila. An sauya wa ranar suna a 1958, mulkin mallaka ya ƙare a 1960, amma sowar ta zauna, ta koma ta shugaban makaranta da babban baƙo da gidan da ya ci kofi.

Sai dai ba ta taɓa ƙetare katangar makaranta da filin fareti ta shiga cikin gida ba. Ba a ji an kai amarya da ita, ba a tarye mai jego da ita, ba a kuma yi wa sarki ita ranar hawa. Dalili shi ne waɗannan wurare duk suna da masu su tun kafin ta zo.

6.0 Abin da Ta Tarar

Babbar sowar murna ta ƙasar Hausa ita ce guɗa. Mata ne suke yin ta, da siririyar murya mai tsawo wadda ake kaɗa harshe a cikinta, sau da yawa maguɗiya tana riƙe da hancinta, kuma akan rubuta sautin da "ayyururui". A Hausa ana cewa "ta rangaɗa guɗa". Ana yin ta wurin haihuwa da suna, da kamu da kai amarya, da naɗin sarauta da hawan salla, da lokacin da ɗan dambe ya yi kisa. Ya kamata malamai su ja hankalin ɗalibai ga lanƙwasar harafin, domin "guɗa" dabam take da "guda" ta ƙidaya, kuma babu abin da ya haɗa su sai kamar rubutu.

Guɗa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Larabawa suna kiranta zagarid, Waswahili suna cewa vigelegele, Habashawa suna da ililta, tsofaffin Girkawa ma suna da kalmar ololuge ga irin wannan kuka na mata. Yawancin waɗannan sunaye kwaikwayon sautin ne kawai, shi ya sa suke cike da "l" da "r". Wannan kamanni bai isa ya nuna cewa wani ya ara daga wani ba. Harshe da maƙogwaron ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina, kuma haka ya kamata a dubi kamannin "hurra" da "ura" da sauransu.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin guɗa da sowar Ingilishi. Ita sowar sai an ba da umurni, kowa kuma yana yi. Guɗa kuwa gwaninta ce ta mutum ɗaya, maguɗiya ce take zaɓen lokacin da za ta sake ta, kuma sanarwa ce: maƙwabta suna jinta sun san an sauka lafiya ko amarya ta iso. Adadinta ma yana da ma'ana, domin a al'adar Hausawa uku lambar namiji ce, huɗu ta mace, har a wasu wurare yawan guɗar yakan shaida abin da aka haifa. Ukun Turawa ba ta ɗauke da irin wannan saƙo.

Tsarin kira da amshi shi ma ba baƙo ba ne a wannan yanki, wanda ya fitar da manyan makaɗa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, sana'arsa ta ginu ne a kan jagora da masu karɓi, ga kirari da guɗa suna ratsa kiɗan a inda ya yi zafi. A taron addini mutum ɗaya yakan nemi a yi kabbara, jama'a su amsa da "Allahu Akbar". A siyasar Jamhuriya ta Farko in an ambaci NEPU sai a amsa da "Sawaba", in NPC ce a ce "Salama". A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, PRP tana da "Nasara", NPN "Aminci", GNPP kuma "Adalci". Ginin ɗaya ne da na "hif" da "hure", amma a nan amshin kalma ce mai ma'ana wadda mai faɗinta ya san abin da yake nema da ita. Mutumin da ya saba da irin wannan amshi ba zai ga abin riƙewa a cikin "hure" ba in ya fita daga filin makaranta.

7.0 Darasi ga Mai Nazarin Asalin Kalma

Labarin Ƙudus misali ne na abin da za a iya kira asalin ƙage, watau a tarar da kalma wadda ma'anarta ta ɓace, a nemo wata jimla mai kama da ita a sauti, sa'an nan a gina labarin da zai haɗa su. Hausa tana da irin waɗannan da yawa. An ce "Hausa" daga "hau sa" take, "Bayajida" kuma daga "ba ya ji da". A wannan yanki ma akwai sanannen labarin da yake cewa sunan Zamfara daga "mazan Fara" ya fito, watau mafarautan wajen Dutsi, tsohuwar cibiyar Zamfarawa da take ƙasar Zurmi, waɗanda suka ceci wata 'yar sarki mai suna Fara.

Ta fuskar sauti wannan bayani yana da ƙarfi, domin "n" takan koma "m" a gaban "f" a lafazin Hausa, abin da ya rage kawai shi ne faɗuwar gaɓar farko. Amma dacewar sauti ita ce sharaɗi na farko kurum. Sunan Zamfara yana cikin littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, da ya kammala a 1526 aka buga a 1550. Saboda haka mai bincike yana bukatar ya tambayi lokacin da aka fara jin labarin Fara, da bakin wanda aka ji shi, da kuma amfanin da yake yi wa masu ba da shi. Ayyuka irin na Kurt Krieger, wanda ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a 1959, da kundin digirin Garba Nadama na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, su ne wuraren fara irin wannan bincike. Wannan ba raina tarihin baka ba ne. Labarin Fara yana koyar da abubuwa game da yadda Zamfarawa suke kallon dangantakarsu da farauta da maƙwabtansu, kamar yadda labarin Ƙudus yake koyar da abubuwa game da Turai ta ƙarni na 19. Kuskuren shi ne a karɓe shi a matsayin hujjar ilimin harshe ba tare da awo ba.

Ma'aunan da suka warware zancen "hip" guda huɗu ne, kuma suna aiki a kowane harshe: a nemo rubutu mafi tsufa da kalmar ta fito a ciki, a duba ko sauye-sauyen sautin suna bin ƙa'idar harshen, a tambaya ko mutanen da aka ce sun ƙirƙire ta sun san harshen da aka jingina musu, a kuma yi hattara da duk bayanin da daɗinsa ya fi shaidarsa yawa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa "huzza" tana rubuce tun 1573, mai yiwuwa daga kiran masu jan igiya a jirgin ruwa, "hurrah" ta gaje ta, "hip" kuma kiran jan hankali ce da aka liƙa mata a farkon ƙarni na 19. An iya faɗin waɗannan shekaru ne saboda an sami waɗanda suka rubuta abin da suka ji, ko da a lokacin ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Guɗa da kirari da sauran sowar gargajiya ba su sami wannan gata sosai ba. Ga shi kuma na'urorin sauti sun shiga gidajen biki, rashin tsaron da ya addabi ƙasashen Zurmi da Shinkafi tun cikin shekarun 2010 ya tarwatsa ƙauyuka da dama, ya rage tarukan da ake koyon waɗannan abubuwa a cikinsu. Aiki ne da ya hau kan sassan nazarin Hausa na jami'o'i da kwalejoji su ɗauki muryoyin tsofaffin maguɗa, su rubuta lokutan da ake guɗa da adadinta da sunayen ire-irenta a Zamfarci, tare da ranar ɗauka da wurin, domin mai bincike na gaba ya tarar da shaidar da zai tsaya a kai.